Zauren masu tsohin motoci na Tawa: a hidda karbiratar ko a bar shi?

Alhaji Isuhu: Salamu alaikum ƴan zaure, da hwatan kun kwana lahiya. Shawara nika biɗa. Land Cruiser ɗina FJ75 ce ta 1989, injin 3F mai karbiratar, da ita nika kai kaya kasuwar Abalak da Cintabaradan. Tun da zahi ya shigo, in munka tsaya salla ko minti goma ne, sai ta ƙiya tashi, sai an buɗe kapo an jiƙa tsumma an aza bisa pampon mai. Ga shan isansi kamar an huda tanki. Ɗana da ke karatu Yamai ya dame ni wai in maishe ta injeksiyon, wato a hidda karbiratar a sa mai fesa isansi da lantarki. Akwai wanda ya taɓa yi? Kuma wa za ni ba aikin?

Bubakar direba: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsumman nan kowa ya san shi a hanyar Agadas 😂

Malam Hamidu makanisiye: Amin wa alaikumus salam. Alhaji, ranka shi daɗe, ciwon motarka sananne ne. Pampon 3F jikin inji yake, tsotso yake yi daga tanki. In ka kashe inji da rana tsaka, iska ya bar bugun shi, zahin ya taru, isansin da ke cikin tiyo da kwanon karbiratar ya tahwasa ya koma tururi. Pampo kuwa ba ya jan tururi. Shi ya sa tsumma ke aiki. Amma kahin a yi zancen injeksiyon, ka bari a auna matsin silinda shidan nan. Lahiyayyen 3F wajen kilo 10 da rabi yake badawa, in ya sauka ƙasa da 8, ko wani silinda ya bar ɗan'uwanshi da hiye da kilo guda, to ba karbiratar ke da laihi ba. Injin da sagma ta cinye, ko kwamfuta goma ka ɗaura mishi hayaƙi za shi yi.

Abdul-Aziz Yamai: Baba Hamidu ya faɗi gaskiya, awo tukuna. Amma bari in kare injeksiyon kaɗan, don ni aikina ke nan, lantarkin mota. Karbiratar awo guda ya sani, wanda jiklar, ƴar hudar da mai ke bi, ta ba shi, ko da sanyin Janairu ko da zafin Afrilu. Kalkilatar kuwa, wato kwamfutar injeksiyon, tana jin zafin ruwa, zafin iska, yawan iskar da ta shiga, tana kuma sansanar hayaƙi, sai ta riƙe haɗin kusa da kashi 14,7 na iska ga kashi 1 na isansi. Kuma man yana cikin matsi kullum, yana zagayawa ya koma tanki, da wuya ya samu damar tafasa. A kan tudun rairayi ma, in mota ta karkata, kwanon karbiratar ambaliya yake yi, injektar ba ruwanta.

Abin da zan ba Alhaji shawara: kar ya sayi komai ɗai-ɗai. Toyota da kanta ta yi wa injin nan ƙane, 3F-E, daga 1988 zuwa 1992, cikin FJ62 da FJ80 na farko. Girman ɗaya ne, cc 3.955, doki 155 yake badawa. In an samu wadda ta yi hatsari ko ta mutu a kas, a kwashe duka: kilas, kolektar, injektar shida, ma'aunin iska, delko, kalkilatar, da damin wayoyin ba tare da an yanke ko ɗaya ba. Wayoyin nan su ne rai. Na ga wanda aka sayar wa komai lafiya amma an datse wayoyin da almakashi wajen cirewa, wata biyu muna bin launi ɗaya bayan ɗaya.

Sani Ƙonni: Ƙanena, 3F-E a bakinka sauƙi gare shi. Akasarinsu Amurka da Ostareliya da Japan sunka tahi, nan gabanmu mai karbiratar anka kawo da masu gazuwal. Na bi Turaku da Katako na Yamai, na bi Ƙofar Ruwa ta Kano, sai ka daɗe ba ka ga cikakke ba. Wanda ake samu shi ne 1FZ-FE, mai lita 4,5, amma wannan canjin inji ne ɗungurungum, da zancen mazauninshi da buwat.

Abdul-Aziz Yamai: Haka ne yaya Sani. In ba a samu ba, akwai injeksiyon da ake ɗorawa daidai gurbin karbiratar. Na tsoffin motocin kamfanin GM na Amurka na 1987 zuwa 1995, injektar biyu a sama, matsin mai bai kai bar 1 ba (bar awon matsi ne), ga shi da haƙuri, sai dai sai an sake tsara kalkilatar ɗin don ta dace da injin. Akwai Holley Sniper, sabo ne, kalkilatar a jikinsa take, yana koyon injin da kansa, amma bar 4 yake so. Masu son wasa da kwamfuta kuma suna yin Speeduino ko Megasquirt. Waɗannan biyun ba zan sa wa motar neman abinci ba, sai in mai ita ya iya gyara da kansa.

Malam Hamidu makanisiye: To ga tambayata, ɗana. Sniper ɗin nan in ya mutu tsakanin Kawo da Cinta, wa ka gyara shi? Karbiratar Aisan da turnabis da bakinka ka buɗe shi, ka busa jiklar, ka ɗaura, ka tahi. Na taɓa kawo mota gida da galan bisa rufi, tiyo ya sauko kai tsaye cikin karbiratar, pampo ya mace. Yi wannan da injeksiyon in gani.

Abdul-Aziz Yamai: Wannan kam ba zan yi musu ba Baba 🙏 Shi ya sa na fi son na Toyota. Ba ya buƙatar baliz, na'urar gano ciwon mota. Akwai ƴar akwati kusa da inji, ka haɗa TE1 da E1 da guntun waya, fitilar tablo ta dinga ƙiftawa, ka ƙirga, lambar ta gaya maka wace sond ce, wato wane ma'auni ne, ta lalace. Yaron mota ma zai iya koya.

Hajiya Zali: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma abin ya taɓa ni. Hilux gare ni mai 22R, tana ɗaukar albasa daga Galmi. Bara munka maishe ta 22R-E, da kayan wata da anka yanka. Gaskiya tashin sahe ya gyaru, zancen ƙin tashi da zahi ya ƙare. Isansi ya ragu, amma kar wani ya ce muku rabi, ba haka ba ne. Abin da ya ci min kuɗi pampo ne, ukku munka ƙona cikin wata huɗu. Na farko tsatsar tsohon tanki ta kashe shi. Na biyu direbana ne, ya saba tahiya har allura ta kwanta, ashe pampon lantarki isansin ne ke sanyaya shi, in ya ja iska sai ya ƙone. Na ukku kuwa man kwalba ne na bakin hanya, da ruwa ciki. Wanda ya yi min aikin bai gaya min ko ɗaya ba, sai da na canza hannu. Alhaji, in za ka yi, tanki za ka hwara da shi, ba inji ba.

Abdul-Aziz Yamai: Hajiya ta gama magana. A sauke tanki a wanke. Matata biyu: mai faɗin ido, wajen mikron 100, kafin pampo, mai ƙanƙanen ido, mikron 10, bayansa. A ja tiyon komawa tanki. Kuma tsohon tiyon roba na karbiratar a zubar da shi, matsinsa bai kai rabin bar ba, na 3F-E kusan bar 3 ne, in ya fashe kan bututun hayaƙi gobara ce. Ga FJ75 ina ƙara ƙaramin tanki na lita ɗaya ko biyu a tsakani, ƙaramin pampo ya dinga cika shi, babban ya sha daga nan, ko mota na tsalle a kan toli ba zai ja iska ba.

Bubakar direba: Ni na ji wai isansinmu na kashe sond ɗin hayaƙi, gaskiya ne?

Abdul-Aziz Yamai: Da can ne, lokacin mai darma. Ƙasashenmu na kudu da Sahara sun bar shi tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, 2021. Yanzu abin da ke kashe ta injin da ke ƙona bakin mai ne, ko ruwan radiyata da ke shiga silinda, ko silikon ɗin da makanisiye ke laftawa a madadin juwan. Kuma Bubakar, ku direbobi: ba a walda a jikin mota kalkilatar na haɗe, ba a juya kan batir wajen jona wata mota. Turi ma da mataccen batir ba lalle ta tashi ba, don pampo na son wuta.

Malam Hamidu makanisiye: Ka ji ko Alhaji. Alternatar ɗinka ma sai an duba, na da ba a yi su don ciyar da pampo da kalkilatar ba. Ni abin da nika gani: mu hwara da mai araha. A hidda filatine a sa alimaj na lantarki cikin delko, a canza buji da wayoyinsu. A zuba wa karbiratar sabon kit, a duba sandar papiyo in ta yi lako tana shan iska, a daidaita filotar. A maido katangar nan ta tsakanin karbiratar da kolektar in wani ya yar da ita, don rabin motocin da ka zo min babu ita. A nisanta tiyon mai da bututun hayaƙi, a sa ɗan pampon lantarki mai ƙaramin matsi kusa da tanki, shi turo maimakon tsotso. In ta sake ƙin tashi bayan wannan, ni da kaina za ni kira Abdul-Aziz.

Sani Ƙonni: Kit ɗin karbiratar, Alhaji ka turo min hoton ƴar alamar da ke jikin shi, kar in kawo na tsohon inji 2F. Kuma in za a canza inji gaba ɗaya a tuna da lambar da ke kan kartigiri, kar a sha tambaya a hanya.

Alhaji Isuhu: Allah shi saka muku da alheri duka. Hajiya, zancen pampo ukku ya sanyaya min jiki. Malam Hamidu, yaro ya kai ta wajen wani nan unguwarmu yanzu an auna: biyar na tsakanin 9 da rabi da 10, silinda mai lamba biyar ne ya ba da 7.

Malam Hamidu makanisiye: To ka gani. Su ɗiga ɗan bakin mai cikin ramin bujin na biyar su sake aunawa. In ya hau, sagma ce, in bai motsa ba, supap ce ko juwan kilas. Ka kawo ta Litinin da sahe kahin rana ta yi, kar a wanke injin, ina son in ga inda yake zuba.

Sani Ƙonni: Ni dai zan ci gaba da cigiyar 3F-E ɗin, Laraba ina Sakkwato.

Abdul-Aziz Yamai: In ka samu yaya, ka tsaya a kansu har su cire wayoyin. Kar ka bar su da almakashi.