Wa ya taɓa yin watan Agusta a Italiya?

Yayan Ɗalibi:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina ya samu gurbin karatu a Milan, yana so ya sauka tsakiyar Agusta don ya nemi ɗaki kafin a buɗe jami'a. Wani ya ce min kada ya kuskura. Don Allah waɗanda suka san ƙasar, me ke faruwa a watan nan?

Bakano a Turin:
Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka. Ranar 15 ga Agusta ake bikin Ferragosto, kuma daga mako guda kafinta zuwa mako guda bayanta gari watsewa yake yi. Nan Turin garin kamfanin motoci na Fiat ne, tun da can masana'antu kan rufe a watan, ma'aikata su tafi ganin gida kudu. Shekarata ta farko na fita sayen burodi, sai na tarar mai burodi, mai aski, har mai gyaran takalmi kowa ya manna takarda a ƙofa, "chiuso per ferie", ya tafi hutu. Manyan kantuna suna nan a buɗe, yunwa ba za ta kama shi ba. Amma mai gidan da zai ba shi haya yana can bakin teku, ko waya ba zai ɗaga ba.

Maman Yara a Bologna:
Ni abin da ya tayar min da hankali zazzaɓin autana ne, ranar bikin kanta. Likitanmu ya tafi hutu, kantin maganin unguwa a garƙame. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta ja hannuna ta nuna min allon da ke jikin ƙofar kantin, inda ake rubuta wanda ke kan aiki a ranar, farmacia di turno. Ko yaushe akwai ɗaya a buɗe. Ku koya wa yaron wannan tun kafin ya buƙata.

Tsohuwar nan kuwa duk ƙarshen Agusta sai ta kira ni mu dafa tumatir, mu tace, mu ɗura a kwalabe na miyar shekara. Da yamma a yanka kankana. Gashin naman da suke yi ranar bikin ne nake kaucewa, yawancinsa alade ne, kuma da na faɗa mata sau ɗaya ba ta ƙara miƙo min ba.

Ɗalibi a Siena:
Ku kuna cewa gari ya watse, mu nan ko wurin sa ƙafa babu. Washegarin bikin, 16 ga wata, ake sukuwar Palio a dandalin Piazza del Campo. Unguwanni 17 ne a garin, 10 ke shiga kowace sukuwa, a kewaya dandalin sau uku ba sirdi. Ko mahayi ya faɗi, in dokinsa ya riga zuwa, unguwarsa ta ci. Na tuna hawan sallar Katsina, sai dai a nan na ga dattawa suna kuka da hawaye don an kayar da unguwarsu. Hutun Ferragosto kansa ya tsufa, tun zamanin Sarki Augustus na Rum, daga baya ya haɗu da ranar da 'yan Katolika ke girmama Maryam.

Ɗan Damagaram:
Hutu na masu hutu ne. Agustana na farko a gonakin Foggia da ke kudancin Italiya na yi shi, muna tsinkar tumatir tun asuba. Ba da awa ake biya ba, da akwati ne, kuma ɗan kamashon da ya kawo ka sai ya cire kuɗin mota, har na ruwan sha. An yi doka a 2016 don hukunta masu wannan harka, amma har na bar wurin ban ga ta hana su ba. Hajiya, wataƙila tumatir ɗin da kuke ɗurawa hannunmu ne ya tsinko shi.

Maman Yara a Bologna:
Allah Ya saka maka, ɗan'uwa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Yayan Ɗalibi:
Na gode ƙwarai. To yaushe ya kamata ya taso?

Bakano a Turin:
Farkon Satumba. Amma ya fara neman ɗakin ta intanet tun yanzu, don da an dawo hutu ɗalibai rububinsa suke yi a Milan, ga tsada. Kuma kada ya tura wa kowa ko sisi sai ya ga ɗakin da idonsa.