Ƙanwata ta samu ƙaramar kwaleji a Amurka, Baba ya ce shi jami'a ya sani

Yayan Hanne:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka yi karatu a Amurka ko suka san harkar, shawara nake nema. Ƙanwata ta gama sakandare bara, ta bi ta hannun EducationUSA na Abuja, ofishin da ke ba masu son karatu a Amurka shawara, ta nemi makarantu, yanzu biyu sun ɗauke ta. Ɗaya babbar jami'ar jiha ce mai ɗalibai wajen 40,000, sun rage mata kuɗi amma abin da ya rage mu cika sai dai a sayar da filin Baba. Ɗayar kuma ƙaramar kwaleji ce irin waɗanda ake kira libaral ats, wato masu koyar da fannoni daban-daban a digirin farko, ɗalibanta duka ba su wuce 2,000 ba, tana wani ɗan gari da ko sunansa ban taɓa ji ba, amma su sun ɗauke mata kusan komai har ɗaki da abinci. To Baba da ya ji an ce kwaleji sai ya ce shi ba zai tura 'yarsa har Amurka ta yi NCE ba alhali ga FCE nan kusa da gida. Ita kuma kimiyya take so, ranta yana kan likitanci. Menene amfanin irin wannan ƙaramar makaranta, ko dai mu daure mu nemo kuɗin babbar?

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Ka kwantar wa Baba da hankali, digiri ne cikakke na shekara 4 daidai da na kowace jami'a, kawai su ba su cika yin mastas da dakta, wato PhD, ba ne, duk ƙarfinsu kan 'yan digirin farko yake. Kuma wlh a nan amfanin yake. Ni irinta na yi. A babbar jami'a ajin kemistiri na shekarar farko sai ka ga mutum ɗari uku huɗu a ɗaki guda, farfesa na can ƙasa da makirfo, in kana da tambaya ɗalibin dakta ne zai saurare ka. Mu kuwa akwai ajin da mu 12 ne zagaye da tebur ɗaya, ba inda za ka ɓuya, in ba ka yi karatun jiya ba kowa zai gane tun kafin a yi minti goma. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ban je aji ba, kafin la'asar malamar ta turo imel wai lafiya ba ta gan ni ba. Ni da na saba da makarantar da in ka ɓace sati ba mai cigiyarka abin har tsoro ya ba ni.

A kwalejin Williams da ke Massachusetts ma akwai darasin da ɗalibai 2 ne kacal da farfesa, wannan satin kai ka rubuta ɗan uwanka ya tsefe rubutun, sati mai zuwa ku yi musanya. Sannan tunda babu 'yan dakta da za su cike lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, in farfesa na neman hannu a bincikensa lokacin hutun bazara 'yan aji biyu da uku yake ɗauka, har da ɗan abin kashewa. Ranar da za ta nemi mastas, wanda zai rubuta mata wasiƙar shaida mutum ne da ya san ta da gaske, ba wanda zai ce tuna min ke wacece ba.

In Baba na son sunan da ya sani, ka ce masa Kofi Annan a Macalester ya yi digirinsa, ya gama a 1961, ƙaramar kwaleji ce a St. Paul jihar Minnesota. Obama ma ya yi shekara 2 a ƙaramar kwalejin Occidental kafin ya koma jami'ar Columbia. Patrick Awuah ɗan Ghana a kwalejin Swarthmore ya yi, ya yi aiki a Microsoft, ya dawo gida ya kafa jami'ar Ashesi a 2002 a kan irin wannan tsarin.

Maman Ilham:
Duk abin da Ɗan Sabon Gari ya faɗa gaskiya ne amma malam ba ka faɗi ɗaya ɓangaren ba fa. 'Yar yayata na irin wannan makarantar, shekarar farko kullum kuka a waya. Gari ne da titi ɗaya ya ratsa shi, babu masallaci sai ɗan ɗaki da makaranta ta ware musu, naman halal sai ranar da aka kawo, a Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi ga ƙanƙara har gwiwa, ita kaɗai ce Bahaushiya kuma ko mai kitso babu sai ta shiga mota tafiyar awa guda. Azumin farko ta ce da biredi da kwai ta riƙa sahur. Yanzu dai ta ware alhamdulillah har ita ke shirya musu buɗa baki, amma yarinya 'yar 18 ba ƙaramin abu ba ne.

Ni shawarata ku buɗe taswira ku ga inda makarantar take, don ba duka ne a daji ba. Macalester ɗin da aka ambata cikin birni take kuma Minneapolis na gefenta cike da Somaliyawa, masallatai da shagunan halal ba matsala. Wasu kuma a haɗe suke da maƙwabta, kamar Amherst da Smith da Mount Holyoke da jami'ar jihar Massachusetts, ɗalibi na iya ɗaukar darasi a kowacce akwai bas da ke zirga-zirga tsakaninsu. Smith da Mount Holyoke ɗin ma na mata ne, wataƙila irin wannan ya fi kwanta wa Baba. Ta rubuta wa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantar ta tambaye su kai tsaye yadda suke Juma'a da azumi, su ba za su yi mata kwaskwarima ba irin ta ofishin ɗaukar ɗalibai.

Injiniya Mai Kwana:
Ni maganar likitancin ce ta tsaya min. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare kamar MBBS ɗinmu na shekara 6, sai ka gama digirin farko, ka rubuta jarrabawar MCAT, sannan ka sake shekara 4. Kuma makarantun likitancin da ke karɓar ɗaliban ƙasashen waje 'yan kaɗan ne, tallafin kuɗi ya fi haka wuya. Wannan ko babbar ta je ko ƙaramar duk ɗaya ne, saboda haka kada a sayar da fili a kan zaton babbar za ta kai ta asibiti. In likita take so ta zama ko ta halin ƙaƙa, gara ta zauna ta yi JAMB. In kuma kimiyya ce gaba ɗaya take so, to ƙaramar ta fi mata, don galibi sai ƙarshen shekara ta biyu ake zaɓar fanni, kafin nan ta ɗanɗana bayoloji da lissafi da kwamfuta da tattalin arziki har da tarihi, kuma za su sa ta rubutu har sai ta gaji. Yara nawa ne ke cewa likitanci don shi kaɗai suka ji ana yabo a gida.

Abin da zan ce a kula, yawancin ƙananan kwalejojin nan ba su da injiniyanci ko aikin jinya. Swarthmore da Smith da Harvey Mudd suna da injiniyanci, wasu kuma sai dai ka yi shekara 3 a wurinsu ka ƙarasa 2 a irin su Columbia, kuma tallafin ba lallai ya bi ka can ba. Sannan fannin da ta zaɓa yana da tasiri bayan gamawa, izinin zama a yi aiki a Amurka da ake kira OPT wata 12 ne, masu fannin kimiyya da fasaha ana ƙara musu wata 24.

Takardar tallafin nan kuma a karanta ta layi layi. Nawa ne kyauta, nawa ne bashi, nawa ne sai ta yi aiki a makaranta a biya ta, inshorar lafiya na ciki ko babu, kuma na shekara 4 ne ko sai an sabunta. Manyan cikin kwalejojin nan kuɗinsu ya haura dala 80,000 a shekara, kashi goma ma aka bar muku ka juya shi zuwa naira ka gani.

Yayan Hanne:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na sake duba takardar, babu bashi a ciki amma inshora da kuɗin jirgi ba a ambace su ba, gobe za ta tura musu imel. Hajiya Maman Ilham in ba damuwa zan so Hanne ta yi magana da 'yar taku. Baba kuma na karanta masa na Kofi Annan ya yi shiru, can sai ya ce to in ta dawo za su yarda ta yi bautar ƙasa da takardar?

Ɗan Sabon Gari:
Za ta yi mana, ni ma na yi. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ke tantance takardun waɗanda suka yi karatu a waje, ta dai adana sakamakonta na WAEC da tsohon fasfo ɗinta mai hatimin shiga da fita, za a tambaye su.