Idan gari ya cimma tashar auna zafi

Shin za a iya dogaro da awon tashar auna zafi idan gari ya faɗaɗa ya iso ta? Kan wannan tambaya, 'yan uwanmu masana yanayi mazauna Jidda sun fi mai da hankali kan tashar da gine-gine suka kewaye. Kwalta da siminti kan sha rana su amayar da zafin da dare, sai awon dare ya yi ta hawa. Wannan bai ƙaryata ɗumamar duniya ba, domin teku, kashi 71 na doron duniya, inda babu kwalta ko siminti, ita ma tana ɗumama.

Shawararsu, a sa ma'aunin zafin cikin farin akwati mai shan iska, a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, nesa da kwandishan da kwalta, mita 100 in da hali. A riƙa gwada alƙaluman da na tashar ƙauye. In za a sauya wuri, a auna a wuraren biyu aƙalla shekara guda, a rubuta ranar ƙaura.