Sifikar bass a but: a kifa ta ko a bar ta daidai?

Masu haɗa sauti a mota sun sha musu kan wannan a Sabon Gari, ga abin da na tsinta. Kifawa ita ce a ɗaura sifikar a jikin akwatinta fuskarta na ciki, maganaɗisun bayanta na waje. Ƙarar kusan ɗaya ce ko ka kifa ko ba ka kifa ba. Amfanin kifawa shi ne maganaɗisun yana waje yana shan iska ba ya zafi sosai, cikin akwatin kuma ya ƙara fili. Amma fa in sifika biyu ce, ɗaya a kife ɗaya daidai, dole ka juya wayoyin ta kifen, ja a wurin baƙi, in ba haka ba su riƙa cinye ƙarar juna. Ni dai da ƙurar hunturun Zariya da buhunan da muke lodawa a but, gara a bar ta daidai.