Tsintar shara a dajin West Heath na Landan

Baƙuwar Camden: Assalamu alaikum. Ina son shiga aikin sa kai na tsintar shara a Hampstead Heath, babban filin shaƙatawa da ke arewacin Landan, amma an shaida mini cewa ɓangaren West Heath ya daɗe yana zama mahaɗar maza masu neman maza da daddare. Mene ne ya kamata in shirya, kuma akwai haɗari?

Malam na Kilburn: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hukumar City of London Corporation ce ke kula da filin tun 1989, sannan ƙungiyar Heath Hands tana tsara ayyukan 'yan sa kai, don haka gara ki bi ta hannunsu maimakon ki fita ke kaɗai. Da safe ake aikin, lokacin da dajin ya koma na masu yawo da karnuka. Abin da na fi tsinta a ƙarƙashin ganyen da ya zube shi ne kwaroron roba, tishu da gwangwanayen giya, kuma ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba sai da safar hannu mai kauri da sandar tsinta.

Ma'aikaciyar jinya: Idan kika ga allura, kada ki jefa ta cikin leda, domin tana iya huda ta ta soki wani, ki nuna wa jagoran aikin. Ina kuma roƙon kada ki ɗauki hoton kowa, saboda akwai waɗanda fallasa za ta raba su da danginsu.

Baƙuwar Camden: Na gode ƙwarai. Zan nemi takalmin roba kafin Asabar, in sha Allahu.