Ƙ, ɗ da ɓ sun zama akwatuna a littafina, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Don Allah ku taimaka mini, abin ya tsaya mini a rai.

Na kammala littafin gajerun labarai mai shafi 184, har na karɓi lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya) daga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Wata maɗaba'a a Kano ta ce sai kwafi 500 za ta buga, ni kuma ba ni da wannan ƙarfin. Shi ya sa na koma ga kamfanonin intanet masu buga kwafi ɗaya ɗaya, sai mai saye ya biya.

Kwafin gwaji ya iso jiya. Bango ya yi kyau, amma ina buɗewa gabana ya faɗi: duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke, ɗan akwati ne fanko. "Ƙauna" ta shafin farko ma ba ta tsira ba. A kwamfutata kuwa komai daidai yake.

Da Word na rubuta, na mayar PDF. An ce in koma salon harafin Charis SIL, na koma, amma kanun babi har yanzu a lalace suke.

Yaya ake cusa haruffan cikin PDF ɗin su tafi tare? Ba na son in rubuta "kasa" a wurin "ƙasa".