Neman shawara: wata tsohuwa ta ce a gidanmu aka haife ta, tana so ta shigo ta gani

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, da fatan an tashi lafiya. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka daɗe a Ingila. Bara Allah ya nufa muka sayi gida a Levenshulme nan Manchesta, irin jerin gidajen nan na jan bulo da bango ɗaya ne ya raba ka da maƙwabci hagu da dama, falo biyu da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, ɗan fili a baya sai lungun da ake fitar da bola. Muna cikin gyara mai aikin ya ɓare takardar bangon ɗakin sama, ashe an yi ta liƙa wata kan wata ne shekara da shekaru, da ya kai kan filasta sai ga sunan mutum biyu an rubuta da fensir da shekarar 1934 a ƙasa. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. To ana haka kuma sai ga kati an zuro ta ƙofa, wata baturiya ce tsohuwa ta rubuta da hannu wai a gidan nan aka haife ta lokacin yaƙin duniya na biyu, iyayenta sun yi shekaru a ciki, yanzu ta haura tamanin tana so in mun yarda jikarta ta kawo ta ta ga gidan sau ɗaya, ta bar lambar waya. Madam ta ce sam, na farko ba ta yarda da su ba, na biyu kuma ba ta son a zo a ce mata wane ya mutu a ɗakin da take kwana. Ni kuma gaskiya ina so in san waɗanda suka zauna kafin mu. Shin in bar ta ta shigo? Kuma ta ina ake fara binciken tarihin gida a ƙasar nan? A takardun da lauya ya ba mu dai na ga an rubuta hayar ƙasa ta shekara 999 daga 1898, ban gane kan abin ba sosai.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham ni dai ina bayan madam wlh. Akwai masu zuwa da irin wannan labarin mai ban tausayi su ga yadda cikin gida yake, ina ƙofar baya, ina ake ajiye makullin mota. Ban ce tsohuwar nan haka take ba amma zamani ya lalace, kuma matar gida ita ke wuni a ciki ba kai ba.

Abu Sadiq:
Tsaya Maman Hanif, ai abin da za a iya tantancewa ne kafin a buɗe ƙofa. Baban Ilham ka kira lambar, ka tambayi sunan mahaifinta da na mahaifiyarta da sana'ar uban, kar ka faɗa mata komai daga naka ɓangaren. Sai ka je ka duba rajistar 1939. Ranar 29 ga Satumba 1939, yaƙi bai kai wata guda da farawa ba, gwamnati ta rubuta kowa gida-gida don ba da katin shaida, daga baya da shi aka yi rabon abinci, akwai suna da cikakkiyar ranar haihuwa da sana'a. Tana kan shafukan binciken tarihin dangi na Findmypast da Ancestry kuma ana nema da adireshi ba sai da suna ba. In iyayenta suna gidan a lokacin za ka gan su a layin lambar gidanka. Ita ba za ta fito ba tunda bayan nan aka haife ta, kuma in ka ga an ja baƙin layi a kan wasu kar ka tsorata, waɗanda ba su cika shekara 100 da haihuwa ba ne kuma ba a tabbatar sun rasu ba, ana rufe su. In kuma bayan 1939 suka tare, rajistar masu zaɓe ta 1945 zuwa sama za ta nuna su, daga 1940 zuwa 1944 ne ba a yi ba.

Ɗan Zazzau:
Ku yi haƙuri mu na gida, wai bango ɗaya kuke rabawa da maƙwabci? Kenan kamar kwatas ɗin reluwe. Kuma mutum ya biya miliyoyi a ce masa haya ce ta shekara 999, to ya saya ko bai saya ba 😂

Hajiya Anti:
Ɗan Zazzau ya saya mana, wa zai kai 999. Baban Ilham wannan takardar da ka ce ba ka gane ba ita ce ma mafi tsada a hannunka. A yankin Manchesta da Lancashire haka aka saba yi, mai fili ba ya sayar da ƙasar, sai ya ba magini hayarta na tsawon shekaru a kan ɗan kuɗi kaɗan duk shekara, magini ya jera gidaje ya sayar ko ya zuba 'yan haya. Saboda haka 1898 ɗin nan kusan ita ce shekarar da aka fara ginin layinku, kuma sunayen da ke kai su ne mai filin da wanda ya karɓa, sau da yawa maginin ne da kansa. Ka shiga shafin HM Land Registry, hukumar rajistar filaye, ka sauke rajistar gidan, kuɗin bai kai fam 10 ba. Amma kar ka sa rai da yawa, mai gida na yanzu take nunawa da 'yan bayanai kan tsohuwar yarjejeniyar, ba jerin duk waɗanda suka mallaka ba. Asalin tsofaffin takardun, masu rubutun hannu da jan hatimi, ka tambayi lauyan da ya yi maka cinikin ko sun zo hannunsa daga wajen mai sayarwa. Tun 2003 da aka koma dogaro da kwamfuta bankuna suka daina riƙe su, wasu aka mayar wa masu gida wasu kuma sun salwanta. Namu a cikin leda muka same su a saman silin.

Sannan abu ɗaya da mutane ba sa lura, mai gida daban mazaunin gida daban. A wajajen 1918 kusan kashi uku cikin huɗu na iyalai a Ingila haya suke yi. To takardar mallaka za ta ba ka sunan wani mai kuɗi ko wata bazawara da ta gaji gidaje shida a layin tana karɓar haya duk sati, wataƙila ba ta taɓa kwana a ciki ba. Waɗanda suka haihu suka yi jinya suka dafa abinci a kicin ɗinka sai a ƙidaya.

Abu Sadiq:
Ƙwarai Hajiya. Kuma ya yi sa'a don gidan 1898 zai fito a ƙidaya uku, 1901 da 1911 da 1921. Ni ta 1911 na fi so, domin takardar da magidancin da ke zaune a gidan ya cike da hannunsa ita za ka gani, da sa hannunsa da kurakuransa, ga adadin ɗakuna, ga shekarun aure, kuma an tambayi mata 'ya'ya nawa suka haifa da rai, nawa ke raye nawa suka rasu. A gidan da nake haya a Longsight na ga matar ta haifi tara huɗu sun rasu, har uban ya fara rubuta sunan ɗaya daga cikin mamatan a jerin mutanen gida aka soke da jan tawada, wallahi sai da na ajiye wayar na ɗan jima. Ga kuma ɗan haya guda a cikinsu, ka rasa ina yake kwana. Ta 1921 kuma an yi ta ne 19 ga Yuni, an buɗe ta a Janairun 2022, ita ce ke faɗin sunan kamfanin da mutum ke wa aiki da inda wajen aikin yake, a ɓangarenku kar ka yi mamaki in ka ga Beyer Peacock na Gorton masu ƙera kan jirgin ƙasa, ko ɗakunan ajiyar yadi na cikin gari. Daga nan sai rami, ta 1931 ta ƙone ƙurmus a gobara a 1942, a 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi, shi ya sa rajistar 1939 take da daraja haka. Masu fensir ɗinka na 1934 a tsakiyar ramin suka faɗo, sai dai ka neme su a rajistar zaɓe, kuma lokacin mata ma suna ciki tunda daga 1928 duk mace mai shekara 21 tana jefa ƙuri'a. Ko da yake ni zargina masu liƙa takardar ne, sun saba sa suna da shekara a bango kafin su rufe.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri, na fara dubawa da daddare. Sai dai a 1901 na ga sunan layin namu amma lambar gidanmu babu ita kwata-kwata, lambobin sun tsaya kafin a zo kanmu.

Hajiya Anti:
To ka shigo inda kowa ke tuntuɓe. Ko dai ba a gama ginin ƙarshen layin ba a lokacin, ko kuma an sake lamba daga baya, har sunan titi ana canjawa. Ka tuna Levenshulme ba ta cikin Manchesta sai 1909, kafin nan kansul ɗinta daban, kuma in aka haɗe unguwa da birni aka samu tituna biyu masu suna ɗaya dole a canja wa ɗaya. Kar ka yarda da lamba ita kaɗai ƙanena, za ka ɗauki iyalin maƙwabci ka yi ta jin tausayinsu a banza. Ka buɗe shafin taswirori na National Library of Scotland, kyauta ne kuma har Ingila suna da ita, akwai inda ake ɗora tsohuwar taswira kusa da hoton sama na yau, ka duba ta wajajen 1890 da ta farkon 1900 ka ƙirga gidajen daga kwana. Sannan ka je babban laburaren Manchesta da ke St Peter's Square, suna da littattafan adireshi na Slater da Kelly da ke jera mutanen kowane titi gida bayan gida har da inda wani titin ya ratsa. Shekara bayan shekara za ka bi, in sunaye suna nan a jere ɗaya amma lambobi sun canja ka gane abin da ya faru. Ka tambaye su ma ko da katin laburare ana shiga Findmypast a kwamfutocinsu kafin ka biya kuɗin wata.

Malam Abban Zahra:
Game da tsoron uwargida. A gaya mata da lallashi cewa gidan da ya haura shekara 120 babu makawa an mutu a cikinsa, an kuma haihu, don kafin yaƙin duniya na biyu haihuwa a gida ita ce aka fi yi, gawa ma a falon gaba ake ajiye ta kafin jana'iza. Wane gida ne a cikin birnin Kano ko Katsina ba a fitar da gawa daga cikinsa ba, kuma muna kwana lafiya. Mamaci ba ya dawowa, ya tafi ga abin da ya aikata. A riƙa karanta Baƙara a gidan, hadisi ya tabbata a Muslim cewa shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta, a riƙe azkar na safe da yamma. Binciken kansa ban ga laifinsa ba in dai ba tonon asirin mutane za a yi a watsa ba. Amma kar ka shigo da baƙuwa kan dole Baban Ilham, gidan nata ne ita ma, kuma abin da ka gano na mutuwa ba dole sai ka kai mata labari ba in ta ce ba ta so.

Ummu Yasmin:
Ni fa a matsayina na mace ina ga matsalar ba tsohuwar ba ce, yadda aka kawo maganar ne. Ka bar madam ta yi waya da jikar da kanta, mata in suka ji muryar juna an gama rabin magana. Ku fara haɗuwa a wani shagon shayi a kan Stockport Road, ku ce ta taho da hotuna. In hankali ya kwanta sai a sa rana kana gida, a tsaya a ƙasa da bayan gida, ba sai an hau ɗakin kwana ba, da ƙyar ma in ƙafarta za ta iya matakalar gidajen nan don a miƙe suke. Kuma don Allah kar ku ja abin ya yi tsawo, takardun laburare suna nan ko baɗi, mai shekara tamanin da ɗoriya fa? Ita kaɗai za ta gaya maka inda masai yake a tsakar gida kafin a yi banɗaki a ciki, da wanka a bahon kwano gaban murhu, da ta inda mai kwal yake zuba musu, da wa ke zaune hagu da dama. Maƙwabciyata da ta rasu bara ita ta nuna min cewa banɗakinmu ɗakin kwana ne aka yanka, da tallafin kansul aka yi a wajajen 1970. Ka nemi izininta ka ɗauki muryarta a waya.

Maman Hanif:
To in a waje za a fara haɗuwa na janye rabi. Amma jikar ma a ga fuskarta tukun.

Injiniya:
Kun tafi tarihi kun bar abin da ya fi damuna. Baban Ilham mai aikin naka da yake ɓare bango, an gwada kuwa? Silin mai ƙyasfi-ƙyasfin nan da aka yi yayi daga shekarun 1960 zuwa 1980 sau da yawa akwai asbestos a ciki, wani sinadari mai cutar da huhu in an shaƙi ƙurarsa, ba a hana shi gaba ɗaya ba sai 1999, tsohon fentin ƙofofi da na allon matakala kuma akwai dalma, ga yara a gida. Kar a goge da inji sai an kai samfur an auna. In kuma kuna shirin cire bangon murhu don ɗaki ya ƙara faɗi, ka sani a gidan jere jingine yake da bangon da kuka haɗa da maƙwabci, akwai dokar 1996 da ta ce sai ka ba shi sanarwa a rubuce kafin ka taɓa, kuma sai kansul sun duba abin da zai tallafi na sama. Rubutun fensir ɗin dai ka ɗauke shi hoto da hasken rana, ka sa tef ɗin awo a gefe, kafin mai filasta ya zo ranar da ba ka nan ya shafe.

Abu Sadiq:
Na manta, duk sunan da ka samu ka jefa shi a shafin gwamnati na neman wasiyya, daga 1858 yake kuma duba jerin kyauta ne, yana ba da adireshin mamaci da ranar rasuwa da abin da ya bari. Sai dai yawancin 'yan haya ba za ka gan su ba don ba su bar abin da za a kai kotu ba. Turo min sunan layin ta inbox in duba maka 1911 ɗin, ina da sauran kwanaki a biyan da na yi.